Yaron da ke bin karatu a cikin taro amma ya kasa shi kaɗai

Tambaya: Malam, bana na fara koyarwa, an ba ni 'yan aji biyu. Akwai wani yaro ɗan shekara bakwai, baki gare shi in ana hira, amma da an buɗe littafi sai ya sunkuyar da kai. In muna karantawa baki ɗaya yana bi, in na tsayar da shi shi kaɗai ko kalma ɗaya ba ya iyawa. Ga shi yana juya b ta koma d. Iyayensa sun ce wasa ne ya yi masa yawa. Yaya zan yi da shi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da b da d, don shi ne ya fi tayar wa malamai hankali, alhali bai kai ya kawo ba. Yara da dama suna juya haruffa har wajen shekara bakwai. Kujera ko ta ina ka juya ta kujera ce, haka ƙwaƙwalwar yaro ta saba gani, sai ga boko ya zo ya ce sanda da tumbi a dama b ce, a hagu kuma d. Mu ma har da ƙarin ɓ da ɗ. Wannan yakan wuce da yawan rubutu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bin taron nan. Na taɓa samun wata yarinya da ke zuba shafi tiryan-tiryan, har ina yaba mata. Wata rana na rufe hoton da tafin hannuna, na ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe na ce ta fara daga nan. Ta dubi kalmar, ta dube ni, ta yi shiru. Ashe hadda take yi da kunne, ni kuma na shafe zango guda ban lura ba. Laifina ne, ba nata ba.

Don haka ki ajiye littafin tukuna, ki gwada kunnensa. Ki ce ya tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa: ku-je-ra. Ki tambaye shi, mage da mota, da sauti ɗaya suka fara? In an cire "tu" daga "tuta", me ya rage? Ki furta masa "ta" da "ga" da ɗan tsayawa a tsakaninsu, ki ga ko zai haɗa su ya ce taga. Yaron da ba ya jin cewa kalma guntayen sautuka ce, harafi a wurinsa zane ne kawai. Inda ya fara tuntuɓe, nan ne darasinsa yake, ko da sauran ajin sun kai shafi na talatin. Ƙungiyar Pratham ta Indiya a kan wannan ta gina tsarinta: a rarraba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba.

Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Juma'a. Sautuka biyu ko uku, a furta, a rubuta da yatsa a iska ko a kan tebur, a haɗa su su ba da kalma. Kuma don Allah kada ki tsayar da shi gaban aji ya karanta abin da bai taɓa gani ba. Ki ba shi layinsa tun yau, ku bita tare, gobe ya tashi ya karanta a tafa masa.

Ki kuma leƙa rayuwarsa kaɗan. Yana kanne ido in ya dubi allo? Sai an maimaita magana yake juyowa? Ruwan da ke taruwa a kunne bayan mura yana dusashe ji na makonni ba tare da ciwo ba. Ƙarancin barci da yunwa ma sukan yi kama da rashin kula.

Akwai kuma lalurar da ake kira disleksiya, wato wahalar koyon karatu da rubutu. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata suna a 1887, kuma a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da karatu ya gagara. A da an ɗauka matsalar gani ce, daga baya bincike ya nuna galibi wahalar rarrabe sautuka ce. Tana bin dangi, kuma ba daƙiƙanci ba ce. Amma ba ni da ke ne za mu laƙaba masa ita ba.

Iyayen kuwa, kada ki yi musu da su a kan wasa. Ki nuna musu abin da ya iya a makon nan, ki roƙi a duba idonsa da kunnensa, a kuma samu mai karanta masa labari a gida. In kin yi wata biyu kina wannan aiki kullum bai motsa ba, ki kai wa shugaban makaranta ɗan littafin da kike rubuta abin da kuka yi, a nemi ƙwararren da zai gwada shi.