Ƙanzon da ka gani a jikin hita, ni ma na kankare irinsa

Ɗan'uwa, tun da safe na ga tambayarka, na kasa wucewa. Ka ce ka haɗa tukunyar dafa giya mai cin lita 40, ka sa mata hita da famfo da kwando a ciki, ka zuba tsiron dawa kilo 5, amma kafin awa ɗaya famfo ya daina ja, ƙauri ya cika ɗaki, abin da ya fito kuma ba zaƙi, sai ka ce koko. Kana tambaya ko hitar ce ta yi ƙarfi, kuma ko STC-1000, ƙaramar na'urar nan ta daidaita zafi, zai iya riƙe maka zafi. Ina karantawa ina jin ƙaurin nan a hancina. Sau uku na durƙusa a bayan ɗaki da soson ƙarfe ina kankare baƙin ƙanzo daga jikin hita, yatsuna duk sun salluɓe, don haka ka yi haƙuri in na yi tsawo.

Hitar ba ita ce tushen matsalar ba. Tukwanen da muke kallo a YouTube muna kwaikwayo, irin su Grainfather ta New Zealand da Braumeister ta Jamus, don tsiron sha'ir aka ƙera su. Sha'ir yana zuwa da ƙaiƙayinsa, shi ne ke zama mataci a cikin kwando, ruwa ya bi ta tsakani ya sauka. Kuma sitacinsa yana nuna a wajen digiri 60, daidai inda sinadaran tsiro ke aikin mai da shi sukari. Dawa ba haka take ba. Ba ta da ƙaiƙayin da zai buɗa wa ruwa hanya, sitacinta kuma ba ya nuna sai zafi ya haura 70, wani ma har kusan 80. Kafin ka kai can, sinadarin da ke ba da sukarin da yisti ya fi so ya mutu, dama can kaɗan ne a dawa. In ka tsaya a 65 kamar yadda bidiyo ya ce, gari bai nuna ba. In ka haura, ka kashe ƙarfin tsiron. Shi ya sa ka samu koko.

Ƙaurin kuwa ga yadda yake zuwa. Lallausan gari yana bin ramukan kwando ya kwanta a jikin hita. Na cikin kwandon ya cushe ya zama talge, ruwa ba ya sauka, famfo kuma bai san haka ba, yana ta kwashe na ƙasa yana kaiwa sama. Kai kana leƙa tukunya ka ga ta cika fal, alhali a ƙarƙashin kwando hita tana tsaye a fili tana gasa gari. Da zarar ka ji muryar famfo ta canja, ya fara ƙugi kamar yana haɗiyar iska, kashe hita nan take, kada ka tsaya dubawa.

Wadda ta warware mini wannan ba injiniya ba ce. Gwaggona ce, ƙanwar babana, da ta yi shekaru tana dafa burukutu a ƙauyenmu wajen Fankshin, ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Na kai mata ƙarar tukunyata, ta saurara har na gama, ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka ana dafa ruwan sama tare da na ƙasa?" Ita in ta dama garin tsiro, barinsa take yi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan saman ta ajiye gefe, ta ɗora mai kaurin a wuta tana tuƙawa har ya nuna, sannan ta mayar masa da ruwan nan. Ƙarfin tsiron yana cikin ruwan da ta ajiye, wuta ba ta taɓa shi ba. Daga baya na gane cewa wannan wahalar ce ta sha kan manyan kamfanonin giya da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole suka koma wa dawa, irin su gajeren kaura SK 5912 na Samaru suka samu shiga. Abin da suka zauna suna lissafi a kai, matan ƙauye suna yinsa da ludayi tun kaka da kakanni. Har yau ina jin ciwon yadda na raina ilimin matar nan na shekara guda ina bin bakin baƙi.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina dama kilo 5 a ruwa kamar lita 15 mai ɗumin digiri 50, rabin awa. In bari ya kwanta, in tsiyaye lita 7 ko 8 in rufe. Mai kaurin in juye shi a wata tukunya dabam a kan gas, in ƙara ruwa, in tuƙa har ya tafasa na kwata ɗin awa. In ya ɗan huce sai in haɗa su a cikin kwando tare da wankakken ɓuntun shinkafa rabin kilo, in nemi zafi ya sauka tsakanin 63 da 65, awa ɗaya cur, sannan 72 na minti 20. Ɗiga aidin a kan cokali guda na ruwan a farin faranti. In ya yi shuɗi-baƙi, da sauran sitaci. Na san za ka ce to ina amfanin tukunya ɗaya in sai an nemi ta biyu. Haka abin yake da dawa zalla, sai dai in ka samu sinadarin sayarwa mai jure zafi. Kuma ka ce wa mai inji ya ɓarza maka, kada ya niƙa kamar na tuwo.

Amma abin da ya hana ni wucewa ba ƙanzo ba ne. A hoton da ka sa na hango bayan hitarka a buɗe, wayoyi biyu a naɗe da baƙin tef, ban ga ta uku ba, wato wayar at mai kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa. Gabana ya faɗi.

Bari in ba ka labarin mai waldar da ya yi mini tawa ta farko. Mutum ne da muke gaisawa, na taɓa ba shi aikin ƙofa. Na sayi falle na sitenles 304 da kuɗin da na tara wata huɗu, na kai masa da hannuna, na zana masa kwando a takarda, na nuna masa inda zai fasa wa hita. Na ce masa abin sha za a dafa a ciki. Sau biyu na faɗa. Ya ce in kwantar da hankalina, ya yi wa gidajen burodi aikin da ya fi wannan. Ya riƙe tukunyar mako biyar, kullum gobe. Ranar da na karɓa tana ta walƙiya, ya goge ta tas, har na ƙara masa wani abu a kan kuɗin aiki don jin daɗi. Ashe jikin kwandon kawai ya yi da ƙarfena. Gindin, da falle mai rufin zinki ya yi shi, irin na bokiti, ragowar nawa kuma ya san inda ya kai. Ruwan tsiro yana da ɗan tsami, yana cin zinki. Bayan dahuwa biyu gindin ya yi toka-toka, ya fara tsatsa ta bakin ramuka, kuma mun sha na farkon, ni da abokaina. Wurin da ya liƙa mazaunin hita kuwa, da sandar walda ta baƙin ƙarfe ya yi, ya bar wani rami kamar bakin allura. In tukunya da sanyi ba ka ganin komai. In ta yi zafi sai ta riƙa ɗiga, ɗis, ɗis, daidai kan wayoyin.

Ranar Asabar ce cikin Disamba, ina dafa wa bikin ƙanena. Ƙasa a jiƙe, ni kuma ba takalmi. Na kai hannu zan ɗaga kwando, wuta ta kama ni. Ban iya ihu ba. Haƙorana suka datse, hannun ya ƙi sakin ƙarfen, ina ganin matata a bakin ƙofa tana magana amma ba na jin ta. Ita ce ta ruga ta fizge fulogi daga bango. Na zube a ƙasa, hannun dama ya yi kwana uku yana rawa, ko kofi ban iya riƙewa da kyau ba. Abin da har gobe ke hana ni barci shi ne, minti goma kafin nan 'yata mai shekara shida tana tsaye a wurin, ta dafa jikin tukunyar da hannu biyu tana cewa, "Baba, ɗumi." Minti goma. Ɗigon bai kai kan wayar ba tukuna.

Da na koma wurinsa da kwandon a hannu, ko tashi bai yi ba. Ya ce ƙarfe ƙarfe ne, ai ban mutu ba. Ya ce shi walda aka ba shi, ba waya ba. A gaban yaransa ya faɗa, suna dariya. Na tsaya a bakin rumfar nan na rasa abin da zan ce, na ɗauki kwandona na tafi. Kuɗin bai dame ni kamar kalmar nan ba. Har yanzu in hanya ta bi da ni ta layin, tsallakawa nake yi ɗaya gefen. Rashin wayar at laifina ne, na yarda, ni na haɗa wayoyin. Amma ramin nan ya gan shi, don ya shafa masa wani abu ya rufe.

Saboda haka ina roƙonka, kada ka sake kunna ta sai ka ɗaure wayar at a jikin tukunyar kanta da noti, ka kuma tabbatar at ɗin gidan yana aiki, don gidajen haya da yawa ramin soket ɗin ne kawai, ba waya a bayansa. Ka sa RCD na miliyam 30 a gaba, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, ka riƙa danna maɓallin gwajinsa kafin kowace dahuwa. Bayan hita a rufe shi da akwatin da ruwa ba ya shiga. In za ka kai aiki wurin mai walda, nemi mai walda da iskar argon, ka zauna a wurin har ya gama, ka tafi da maganaɗisu a aljihu: falle na 304 ba ya kama shi sosai, baƙin ƙarfe kuwa cafkewa yake yi. Gwajin bai isa shi kaɗai ba, amma da na yi shi da na kama gindin nan. Ko ka huta da walda gaba ɗaya, ka fasa rami ka ɗaure da noti da zoben silikon. Cika ta da ruwa zalla, ka tafasa awa ɗaya, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka ga ko za ta jiƙe.

Batun STC-1000, amp 10 aka rubuta a jikinsa. Hita mai wat 2000 a wuta mai volt 230 tana jan kusan amp 9, mai 3000 tana jan 13. Ka ga ta farko tana bakin iyaka, ta biyu ta wuce. Kuma kunna-kashe kawai ya sani, zafi zai riƙa zarcewa. Ajiye shi don firijin da za ka sa durom ɗin yisti, can ne gidansa, ya riƙe maka 18 zuwa 20. Ga tukunya ka nemi PID, na'urar da ke daidaita zafi a hankali, da SSR, makunnin da PID ɗin ke sarrafawa, mai amp 40 a kan ƙarfen sanyaya, waya mai kauri 2.5. SSR in ya lalace sau da yawa a kunne yake mutuwa, don haka ka sa makashi na hannu wanda zai yanke wuta gaba ɗaya. Hitar kuma ka nemi doguwa mai lanƙwasa, wadda zafinta ya bazu, gajeruwa irin ta butar shayi ita ce uwar ƙanzo. Wat 2000 ya ishe ka: lita 25 daga 25 zuwa 65 kamar minti 35 ne a lissafi, a aikace ya ɗan fi. Sai dai in wuta ta yi ƙasa zuwa 180, hitar nan ba ta ba ka fiye da wat 1200 da 'yan kai, kada ka zargi na'urarka. Ƙaramin janareta kuma kada ma ka gwada.

Bawul a bakin fitar famfo ake sa shi, ba a mashiga ba, kuma famfon ya zauna ƙasa da tukunya don ba ya jan ruwa da kansa. Ka buɗe kaɗan-kaɗan. Ni minti goma na farko ba na kunna shi sam.

Ka ce kana Bukuru, ko? To mu nan a kan tudu muke, sama da mita 1,200 daga matakin teku, ruwa yana tafasa a wajen 96. Na taɓa kwana ina canja ma'auni ina zaton ya lalace don ya ƙi nuna 100. In ka zo tafasa, mai da PID ɗin kan hannu, ka daidaita da ido.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru ba. Tsiron dawa, saiwar da ɗan kan da ya fito suna da gubar sayanaid. In ka shanya ya bushe, murje shi da kyau ka sheƙe kafin ka kai inji, kuma duk wanda ya yi funfuna zubar da shi, kada ka ji ƙyashin kuɗin. Gwaggo ko akuya ba ta bari ta kusanci tabarmar shanya. Allah ya ji ƙanta, bara ta rasu, ban samu na kai mata ko kwalba ɗaya daga tukunyar da ta gyaru ba. Kullum ina cewa sai na ƙware.

Ka cire tef ɗin nan ka ɗauko mini hoton bayan hitar da kyau, da na cikin soket ɗin bangon in ka iya buɗewa bayan ka kashe babban layi. In kana gida ranar Asabar da rana, zan iya biyowa da mitata ta gwajin wuta da ragowar ɓuntu, akwai kusan rabin buhu a wurina.