Amsa: prednisolone da ƙafar da ke hana barci

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce tun da aka ɗora ki kan prednisolone saboda asma, da kin kwanta sai ki ji kamar kiyashi na yawo cikin ƙafafunki, sai kin tashi kin taka ƙasa.

Maganin nan yana hana barci, rashin barci kuwa yakan tsananta wannan matsala. Ki tambayi likitanki ko za ki mayar da shan sa safe, bayan karin kumallo. Amma don Allah kada ki daina shi lokaci guda idan kin daɗe a kansa, akwai haɗari. A hankali ake rage shi.

Kina shan Piriton da dare? Shi ma yakan tayar da wannan matsala ta ƙafa. Sannan a auna miki ferritin, wato gwajin jini da ke nuna yawan sinadarin ƙarfen da jiki ya adana, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana cikin manyan dalilanta.