Shin Imam Gazali ya haramta falsafa da manɗiƙi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a jami'a, an saka mana darasin falsafa da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja ta hankali. Wani abokina ya ce in guje shi, wai Imam Gazali ya kafirta 'yan falsafa. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya tsinci bakin zance amma bai ji ƙarshensa ba. Gaskiya ne Imam Gazali (1058–1111) ya yi wa 'yan falsafa raddi a littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala wajen shekarar 1095 yana karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Farabi da Ibn Sina ya nufa, masu bin turbar Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka. Mas'aloli 20 ya tattauna, amma a guda 3 kaɗai ya yanke hukuncin kafirci: cewar duniya daɗaɗɗiya ce ba fararriya ba, cewar Allah Yana sanin abubuwa a dunƙule ban da ɗaiɗaikunsu, da musun tashin jiki ranar alƙiyama. Sauran ya ajiye su a babin bidi'a.

Mas'alar farko, ta daɗewar duniya, ita ce ta fi daɗin nazari. Ibn Sina bai musa cewa Allah ne sanadin samuwar duniya ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne: tunda ikon Allah cikakke ne tun fil azal, kuma babu abin da ke sauyawa a gare Shi, me ya jinkirta halitta, me kuma ya faru daga baya har aka yi ta? Sai ya ce ashe duniya ba ta taɓa rabuwa da samuwa ba, tana dai dogare da Mahalicci a kowane hali. Gazali ya ce an manta da nufi. Aikin nufi shi ne zaɓar abu ɗaya daga cikin masu kama da juna. Ya kawo misalin mai son dabino da aka ajiye wa guda biyu iri ɗaya sak, ba zai iya ɗaukar duka ba: ai ba zai tsaya yana kallo ba, ɗaya zai ɗauka. Ya ƙara da cewa shi kansa lokacin halitta ne, tare da duniya aka fare shi, don haka tambayar "me ya sa ba a yi ta tun kafin nan ba" ba ta da wurin tsayawa.

Ibn Rushd na Kurɗuba ta Andalus (1126–1198), alƙali Bamalike, ya mayar da martani a Tahafutut Tahafut. Ya ce mai dabinon nan ba tsakanin dabino da dabino ya zaɓa ba, tsakanin ɗauka da bari ya zaɓa. A ganina Ibn Rushd ya kama wani abu a nan, amma maganar Gazali kan lokaci ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi wuyar turewa.

To duba da wane makami Gazali ya yi wannan faɗa. Da manɗiƙi. Bai tsaya ga jero ayoyi ba, ya bi hujjojin 'yan falsafa ɗaya bayan ɗaya yana nuna ba su cika sharuɗɗan da su da kansu suka gindaya ba. Ya rubuta littafi sukutum kan manɗiƙi, Mi'iyarul Ilmi, kuma a gabatarwar Almustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi, ya ce wanda bai ƙware a kansa ba ba a amince wa iliminsa. Har ya gargaɗi masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, ya ce cutar da addinin suke yi.

Akwai dai manyan da suka hana karatun manɗiƙi, kada a ɓoye. Ibn Salah da Nawawi sun haramta shi, Suyuɗi ma haka. Shi kuwa Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, baitoci ya aika wa Suyuɗi yana kare manɗiƙi, Suyuɗi ya mayar masa a waƙe. Sannan mai littafin Ahalari da yara ke karantawa a zaure, Abdurrahman Al'ahdari, shi ne ya waƙe Sullam a kan manɗiƙi, inda ya kawo ra'ayoyi uku, ya rinjayar da halacci ga mai kaifin basira wanda ya laƙanci Alƙur'ani da Sunna.

Saboda haka ka shiga darasinka. Ka haɗa da karatun tauhidi a gaban malami, ko Ummul Barahin ta Sanusi ce, za ka tarar da wajibi da mustahili da ja'izi na hankali ta fara. Idan aka zo kan mas'alolin nan uku kuwa, ka nemi hujjar kowane ɓangare daga bakin mai ita, kada ka tsaya ga abin da abokin gabarsa ya ce ya ce.