Yarana sun ƙi cin komai sai indomi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yara uku, babbansu yana da shekara 9, kuma kusan kullum da indomi suke karya kumallo kafin su tafi makaranta, wani lokaci ma su sake cin ta da dare. Maƙwabciyata ta ce an shafa mata wani kaki da ke taruwa a ciki. Shin gaskiya ne? Kuma me zan ba su a madadinta, ganin cewa ni ma'aikaciya ce, ba ni da isasshen lokaci da safe? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Batun kaki ba gaskiya ba ne. Maiƙon da kike gani a saman ruwan na man suya ne, domin tun shekarar 1958 da Momofuku Ando ya ƙirƙiro irin wannan taliya a Japan, yawanci ana murza fulawa ne a turara ta, sannan a soya ta cikin mai har ruwan jikinta ya ƙafe, abin da ya sa take daɗewa ba ta lalace ba, take kuma nuna cikin 'yan mintuna.

Abin da ya fi damuna shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, na yaro kuwa bai kai haka ba. Ɗan ƙullin sinadarin ɗanɗanon da ke cikin ledar yana cinye kaso mai yawa na wannan adadi tun kafin yaro ya taɓa abincin rana. Ki duba bayan ledar, ki ninka adadin sodiyam (wani sinadari da ke cikin gishiri) da aka rubuta sau biyu da rabi, za ki sami nauyin gishirin. A gidaje da yawa da teburan masu shayi har dunƙule ake ƙarawa a kai. Yawan gishiri na cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, amma akwai wata illa ta kusa wadda nake jin ita ce ke faruwa a gidanki: harshen da ya saba da wannan ɗanɗano mai ƙarfi sai ya riƙa jin tuwo da miyar kuka lami, yaro ya ture kwano ba don ya ƙoshi ba.

Fulawar kanta an cire mata dusa, don haka ciki yana cika, amma jiki mai girma ba ya samun isasshen furotin da sauran sinadaran gina jiki, yunwa kuma takan dawo kafin a tashi daga makaranta. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan mutanen Koriya ta Kudu ya gano cewa matan da ke cin ta sau biyu ko fiye a mako sun fi fuskantar haɗuwar teɓa, hawan jini da hauhawar sukari.

Ba na ba ki shawarar hana su rana ɗaya, domin rigima kawai za ki saya. Ki mayar da ita sau ɗaya ko biyu a mako, ki zuba rabin sinadarin kawai, ki fasa ƙwai, ki yanka karas, kabeji da albasa, ko ki watsa dafaffen zogale, yadda leda ɗaya za ta ishi yara biyu.

Sauran ranakun kuwa, na san lokaci ne matsalarki, kuma girkinmu na gida yana da amsa. Ɗanwake ba ya wuce minti ashirin idan garin na ajiye, ga shi da wake da kuka. Kunun gyaɗa da ƙosai karin kumallo ne mai riƙe ciki har azahar. Alale da dafaffen wake ana iya yin su da dare a ɗumama da safe, haka ma faten acca da ganye. Dankalin Hausa da ƙwai ma yana saurin dahuwa, kuma yara na son zaƙinsa. Ki fara da wanda suka fi so, ki rage dunƙule a miya ki ƙara daddawa a hankali, ki kuma ba harshensu 'yan makonni kafin ki yanke hukuncin cewa sun ƙi.