Na kwanta ciwo a Wagadugu, wa zai biya ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban tirela ne, mazaunin Aboabo a Kumasi. Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu, kuma duk wata ana cire mini kuɗin SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata ta Gana. Bayan ƙaramar Sallah taifot ya kayar da ni a can, na yi kwana tara a gadon asibiti, na biya sefa daga aljihuna. Da na dawo na ƙara wata guda ina jinya. Maigidana ya ce tunda mota ba ta motsa ba, babu albashi. Ina da haƙƙi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin mahaifina ma a kan hanyar Paga, garin da ke kan iyakar Gana da Burkina, ya ci abinci.

A Gana aka ɗauke ka aiki, don haka dokar Gana ce ke binka ko da a Burkina ciwon ya same ka. Sai dai Dokar Ƙwadago ta 2003 ba ta yanka adadin kwanakin da za a biya marar lafiya ba. Abin da ta faɗa shi ne, kwanakin jinyar da likita ya tabbatar ba a cire su daga hutun shekara, wanda bai gaza kwana 15 na aiki ba. Batun albashin jinya kuwa, yana cikin takardar ɗaukar aikinka ko yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta ƙulla. Kana da wannan takarda? Doka ta ce duk aikin da ya kai wata shida dole a rubuta shi. Yawancin direbobinmu na zango da baki ake ɗaukarsu, "ai ɗan gida ne", sai ranar ciwo a ga illar hakan. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

SSNIT ba ta biyan kuɗin jinyar 'yan makonni. Ana cire maka kashi 5.5 cikin ɗari, maigida ya ƙara 13, kuma aikin kuɗin fansho ne, da taimakon wanda ciwo ya hana shi aiki kwata-kwata, idan ya yi zubin wata 12 a cikin wata 36 na ƙarshe, likitoci kuma suka tabbatar. Kashi 2.5 na tafiya NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, amma katin NHIS a asibitocin Gana kaɗai yake aiki. Kana ƙetare Paga ya zama kwali.

Da haɗari ka yi a bakin aiki, da magana ta canja, domin dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta ɗora wa maigida nauyin biya. Taifot bai shiga wannan sahu kai tsaye ba.

To, ka tattara takardar sallama da rasit na asibitin Wagadugu, ka sa a fassara su daga Faransanci, ka haɗa da takardar likitan da ya duba ka a Kumasi. Ka fara zuwa wurin maigidan tare da wani dattijo na tasharku, domin shi ya aike ka, a kan aikinsa ka kwanta, kuma a ganina kuɗin asibitin nan nauyinsa ne. In ya ƙi, ka kai kuka ofishin ƙwadago na Kumasi. Kafin ka sake ɗaukar lodi kuma, a rubuta wanda zai biya asibiti idan ka kwanta a wajen ƙasa, ku sa hannu ku biyu.