Me ya sa lissafin sifirin ke ba ni amsa biyu?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Bauchi, ina shirin WAEC. An rataya kilo 2 a sifirin mai tauri k = 200 N/m, jan ƙasa kuma g = 10 m/s². Da na yi mg = kx (m shi ne kilo 2 ɗin, x miƙewa) sai na sami miƙewar 0.1 m. Da na yi mgx = ½kx² kuma sai 0.2 m. Wanne ne daidai?

Amsa: 'Yata, ba ki yi kuskure ba ko sau ɗaya. Tambayoyi biyu kika amsa ba ki sani ba, kuma na ji daɗi da kika tsaya kika lura.

Ki leƙa kasuwar Muda Lawal wurin mai sikelin rataye. In ya tallafe kaya da hannu ya sauke su sannu a hankali, allura za ta tafi ta tsaya cak. Nan jan sifirin, wato kx bisa dokar Robert Hooke ta 1678, ya yi daidai da nauyi, kuma ita ce 0.1 m ɗinki. In kuwa ya saki kayan farat ɗaya, allurar sai ta zabura ta wuce, ta dawo, ta yi ta rawa. Iyakar inda kayan suka kai a ƙasa shi ne 0.2 m.

To, bari mu bi sawun makamashin. Da kayan suka sauko 0.1 m, sun saki mgx, wato jul 2 (jul shi ne ma'aunin makamashi), amma abin da sifirin ya ajiye, ½kx², jul 1 ne kacal. Ina saura? In an tallafe, hannu ne ya karɓe shi. In an saki, yana cikin gudun kayan: ½mv² = 1, kenan v = 1 m/s. Wannan gudun ne ke hana su tsayawa a nan, sai sun kai 0.2 m, inda jul 4 ɗin da suka saki duk ya shige cikin sifirin.

Saboda haka a jarrabawa ki karanta kalmomin da kyau. In an ce nauyin na rataye ba ya motsi, ɗauki mg = kx. In an ce an sake shi daga inda sifirin bai miƙe ba, ana neman iyakar miƙewa, ɗauki lissafin makamashi.

Rawar allurar nan ma ba ta ɗorewa. Gogayya da iska ne ke mai da jul 1 ɗin zafi kaɗan-kaɗan, har kayan su natsu a 0.1 m, sannan mai sikeli ya faɗi kuɗi.