Littafin ya ce Mitau, taswirar waya ta ce babu

Tambaya: Malam, ina bincike kan tsibirin Kunta Kinte da ke kogin Gambiya, sai na ga an ce wani basaraken Kurland ne ya gina sansani a can. Na sauke wani tsohon littafin Jamusanci kan gidajen sarautar ƙasar, amma Google Maps ba ya nuna mini garuruwan da ke cikinsa, kyamarar wayata kuma ta kasa fassara shafukan. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau, sunayen ne suka sauya. Kurland ƙaramar masarauta ce a gaɓar tekun Baltik, a yammacin Latbiya ta yau. Gotthard Kettler ne ya kafa ta a 1561 ƙarƙashin inuwar Poland da Lituweniya. Manyan gidajenta Jamusawa ne, shi ya sa littafinka ke kiran garuruwa da sunayen Jamusanci, taswira kuwa da na Latbiya. Mitau, fadar masarautar, ita ce Jelgava. Windau, inda ake ƙera jiragen ruwa, ita ce Ventspils. Libau ta koma Liepāja, Goldingen kuma Kuldīga. In kana son rubuta ā ɗin nan, danne harafin a na ɗan lokaci a Gboard, wato allon rubutun waya na Google, zai fito; ko ba ka sa shi ba ma Google zai gane.

Basaraken da kake nema jikan Gotthard ne, Jacob Kettler, wanda ya yi mulki daga 1642 zuwa 1682. Mutanensa sun kafa sansanin a 1651, Turawan Ingila suka ƙwace shi a 1661. A binciken Google, sa sunan Jacob Kettler tsakanin alamun zance biyu, ka ƙara Gambia a gefe, sakamakon zai ragu zuwa abin da ya shafe ka. Ka gwada da Jakob ma, haka Jamusawa ke rubuta shi.

Batun fassara shi ne mai ɗan wuya. Tsofaffin littattafan Jamus da rubutun Fraktur aka buga su, mai lanƙwashe-lanƙwashe. A cikinsa akwai doguwar s wadda ta yi kama da f sak, sai kyamara ta karanta kalma a karkace, fassara ta fito ba kai ba gindi. Ni dai ba na ba da shawarar ɗaukar hoton allon kwamfuta. Koma archive.org, in daga can ka sauko da littafin, ka buɗe "Full Text", ka kwafi sakin layi ɗaya, ka gyara f ɗin da ya kamata ya zama s, sannan ka liƙa a Google Translate. In rubutun hannu ne, kamar rajistar coci da ke shafin Raduraksti na Latbiya, Transkribus, shafin da ke karanta tsohon rubutun hannu, ya fi dacewa, kuma a kwamfuta ya fi daɗin aiki.

Ka kula da shekarar 1737 sa'ad da kake bin salsala. A nan gidan Kettler ya ƙare da rasuwar Ferdinand, sarauta ta koma gidan Biron, masu fadar Rundāle, har Rasha ta haɗiye masarautar a 1795.